Tsokaci kan asalin kalmar "Bamaguje"

A Madarunfa ba a cika jin kalmar Bamaguje ba. Wanda ya riƙe addinin gargajiya anne ake ce masa, jam'i anna, sunan da Guy Nicolas ya yi aiki da shi a littafinsa na 1975 kan kwarin Maraɗi. Sai an wuce Ɗan Isa an shiga ƙasar Katsina ake jin Maguzawa.

Bayanin da ya fi yawo shi ne daga "gudu" aka samo ta, wai sun guje wa salla. Wannan bai karɓu ba. Gaskiya ne /d/ kan ganɗance ta koma /j/, kamar a "maguji", amma da haka ne da jam'in ya zama *Magudawa. Saiwar ita ce maguz-.

Tun aikin Greenberg na 1946 manazarta sun fi karkata ga Larabci majūs, mabiya Zaradashta, wadda ta zo sau ɗaya a Alƙur'ani (Hajji, aya ta 17). Larabcin ma aro ne: tushen shi ne maguš na tsohon Farisanci, wanda ya ba Girkanci magos, har ya kai ga Faransanci mage da magie. A Andalus ma da sunan majūs aka kira maharan arewacin Turai da suka faɗa wa Ishbiliya a 844. Ashe kalmar ta daɗe da zama suna na shari'a, na wanda ba ma'abocin littafi ba amma ana karɓar jiziya a hannunsa.

Inda muke da ja shi ne yadda ake tsallake sauti. Aron malamai kai tsaye yana nan, wato Bamajushe, Majusawa. To, ina /g/ da /z/ suka fito? A ganinmu Bamaguje tsohon aro ne da ya biyo ta bakin Barbar, inda masjid ta zama tamezgida. Misalin ya warware /g/ kawai, domin /z/ ɗin tamezgida maƙwabtakar /g/ ce ta jawo ta.

Rashin kalmar a Madarunfa kuwa, muna zaton siyasa ce: Katsinawan da suka kafa Maraɗi bayan jihadi ba su shiga ƙarƙashin Sakkwato ba, anna kuma abokan mulkinsu ne, ba masu biyan jiziya ba.