Malamin da bai raina kifin kyauta ba

Kafin malamin Koriya na zamanin daular Joson ya rubuta ko harafi ɗaya, sai ya ɗiga ruwa a kan dutse, ya goga sandar tawada har ta yi baƙi ƙirin, sannan ya tsoma alƙalamin gashi. Farkon shafin kullum iri ɗaya ne: kwanan wata, sai yanayin gari, ko garau, ko hadari, ko ruwa. Bayan nan sai abin da ranar ta zo da shi, da haruffan Sinanci, harshen malanta na lokacin. Malamai da yawa sun riƙe wannan al'ada ta rubuta abubuwan kowace rana, amma a ganina babu wanda ya iya ta kamar Yu Hui-chun.

An haife shi a 1513. A 1547 rikicin fada ya rutsa da shi, aka kore shi, ya shafe kusan shekara 20 a kore, mafi yawansu a Jongseong, can ƙuryar arewa mai tsananin sanyi. Da Sarki Seonjo ya hau gado a 1567 aka dawo da shi bakin aiki, har ya shiga cikin masu koya wa sarki karatu. Daga wannan shekarar ne littafinsa da ya rage, Miam Ilgi, ya soma, bai kuma tsaya ba sai a 1577, kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa.

Gwanintarsa ita ce bai yarda ya tace ranarsa ba. Yawancinmu idan za mu rubuta abin da ya faru, manyan al'amura muke tsinta mu zubar da sauran. Shi kuwa a shafi guda zai kawo muhawarar da aka yi gaban sarki, da wanda aka naɗa da wanda aka tuɓe, sai kuma wane ya aiko da kifi, wane da shinkafa, wane da takarda, da abin da shi ya mayar. Zai rubuta ciwon da ya kwana da shi, da mafarkin da ya yi, da littafin da ya ara. Wannan aiki yana son haƙuri da tawali'u, domin sai mutum ya yarda cewa bai san abin da na baya za su nema ba. Daga waɗannan lissafe-lissafen kyauta ne masana tarihi suka ga yadda gidan babban ma'aikaci ke dogara ƙwarai da musayar kaya tsakanin dangi da abokai, ba albashi kaɗai ba.

A 1592 sojojin Japan suka mamaye ƙasar, takardun fada na shekarun farko na mulkin Seonjo suka ƙone. Da aka zo haɗa tarihin sarautarsa, sai masu aikin suka nemi littafin Yu, tare da na malami Yi I, suka cike giɓin da su. Abin da mutum ɗaya ya rubuta don kansa ya shiga kundin hukuma.

Inda littafin ya fi kama zuciyata shi ne wajen matarsa, Song Deok-bong, wadda ita ma mawaƙiya ce mai ilimi. A 1570, yana aiki a babban birni, ya aika mata wasiƙa yana bugun ƙirji cewa ya yi watanni bai kula wata mace ba, ya kamata ta gode masa. Ta mayar da amsa mai kaifi: kame kai wajibin mai ilimi ne, ba bashi ba ne a kan matarsa. Ta tuna masa cewa lokacin da yake kore, ita ta yi jana'izar mahaifiyarsa, ta cika zaman makoki, sannan ta yi doguwar tafiya har Jongseong ta same shi. Da wani ne, da ya ɓoye wasiƙar. Yu ya zauna ya kwafe ta cikin littafinsa, ya kuma yarda cewa maganarta gaskiya ce.