Fada Mashayi da Littafin Shahidai: Tarken "The Power and the Glory" na Graham Greene

A shekarar 1953 ofishin da ke kula da aƙida a fadar Batikan ya yanke hukuncin cewa ƙagaggen labarin nan na Graham Greene yana zubar da mutuncin limaman coci, ya kuma nemi a yi masa gyara. A lokacin littafin ya shekara 13 da fitowa, marubucinsa kuwa ɗan ɗariƙar Katolika ne tun 1926. Greene bai canza ko da harafi ba. Hujjar wannan muƙala ita ce, amsar da ta dace da ƙorafin tana cikin littafin tun kafin a yi shi, kodayake marubucin bai riƙe ta har ƙarshe ba.

Greene ya ziyarci Meksiko a 1938, ya ga jihar Tabasco inda gwamnati ta rushe majami'u, ta haramta barasa, ta tilasta wa limamai ko dai su yi aure ko su gudu. A irin wannan jiha ya ajiye tauraronsa, Fada na ƙarshe da ya rage, wanda ko suna bai ba shi ba. Mashayi ne, matsoraci, kuma yana da 'ya da ya haifa da wata matar ƙauye. Wani laftanan 'yan sanda na farautarsa. Ya samu ya tsallake iyaka, amma ya dawo domin ya saurari furta zunuban wani ɗan fashi Ba'amurke da ke bakin mutuwa, alhali ya san tarko ne. Aka kama shi, aka harbe.

Abin lura shi ne akwai wani littafi a cikin littafin. Lokaci zuwa lokaci marubucin kan kai mu wani gida inda uwa ke karanta wa 'ya'yanta tarihin wani matashin shahidi mai suna Juan, wanda tun yana yaro ba shi da aibi, ya kuma tari harsashi da fara'a. 'Yan matan suna saurare da ɗoki. Ɗanta Luis kuwa hamma yake yi, domin bai yarda da labarin ba, sojoji ne suke burge shi. Wato irin littafin da masu ƙorafi suke so Greene ya rubuta, ya riga ya rubuta shi, ya ɗora shi kusa da nasa, ya nuna mana yaron da littafin ya kasa riƙewa. Tauraron da ba ya jin tsoro ba shi da abin da zai koya wa mai karatu game da jarunta, tunda bai sha wuyar komai ba kafin ya same ta.

Jigon kuma ba bidi'a ba ce a Kiristanci. Tun ƙarni na huɗu da na biyar Agustin na Hippo ya yi jayayya da 'yan Donatus a Arewacin Afirka, yana cewa ingancin baftisma da sauran ayyukan ibada daga Allah yake, bai rataya ga tsarkin limamin da ya gudanar da su ba. Mai wa'azi kan faɗi wannan a jimla ɗaya, jama'a su gyaɗa kai. Marubucin zube kuwa sai ya sa mu zauna da Fada a ɗakin otal muna kallo manyan gari suna shanye ruwan inabin da ya saya da ɗan kuɗinsa domin jibin Ubangiji, shi kuma ba ya iya cewa uffan. Ya sa mu kwana da shi a kurkuku cikin ɗoyi da cunkoso, inda ya bayyana ko shi wane ne, kuma duk da tukuicin da aka sa a kansa babu fursunan da ya tona shi.

A ganina, inda Greene ya fi nuna gaskiya shi ne wajen laftanan. Da marubuci mai neman farantawa ne, da ya mai da shi dodo. Shi kuwa ya zana mutum mai gudun duniya, mai ƙaunar yaran talakawa, wanda ya tsani coci saboda ya gan ta tana karɓar kuɗin matalauta tana yi musu alkawarin lahira. Yana harbe ƙauyawan da ya yi garkuwa da su, amma shi ne ya ba wa Fada peso biyar na sadaka da bai gane shi ba, shi ne kuma ya je neman limamin da zai saurari furta zunubansa a daren ƙarshe. Limamin, Padre José, wanda ya yi aure don ya tsira, ya ƙi zuwa.

Sai dai a shafukan ƙarshe hannun marubucin ya yi nauyi. Luis ya tofa wa bindigar laftanan yawu, da dare kuma wani sabon Fada ya ƙwanƙwasa ƙofa, yaron ya buɗe masa. Sauyin ya yi sauri, ba a kuma gina shi sosai ba. Fada ya tafi wurin harbi yana ganin bai tsinana komai ba, ga shi babu wanda ya saurari tubansa, kuma wannan ya isa. Ƙarin da aka yi yana kama da rasit da aka miƙa wa mai karatu don ya tabbata jinin bai zuba a banza ba, abin da littafin Juan ya saba yi ke nan.

Cikin waɗanda suka kare littafin a Batikan a 1953 akwai Giovanni Battista Montini. Bayan ya zama Fafaroma Paul na Shida ya gana da Greene a 1965, ya gaya masa cewa ya karanta littafin, kuma wasu sassan rubuce-rubucensa ba za su daina ɓata wa wasu 'yan Katolika rai ba, kada ya damu da hakan.