Lafazi da Matsayi a Aikin Julie Andrews

Daga cikin ƴan wasan Ingila na ƙarni na 20, da wuya a sami wadda aikinta ya rataya a kan lafazi kamar Julie Andrews. Jama'a sun san ta da waƙa da sinima, kaɗan ne suka san ta rubuta ƙagaggun labarai. Amma wanda ya bi sawun ayyukan nan uku zai tarar da abu guda a ƙarƙashinsu, watau wani irin furucin Ingilishi da aka koya mata da gangan tun tana ƙarama, wanda ya ɗaukaka ta, ya kuma yi mata iyaka. Wannan maƙala za ta duba yadda hakan ya faru, da abin da ya jawo wa rubutunta.

An haife ta ran 1 ga Oktoba 1935 a garin Walton-on-Thames, kusa da Landan, aka raɗa mata suna Julia Elizabeth Wells. Uwarta makiɗiyar piyano ce. Da auren iyayenta ya mutu, uwar ta auri wani mawaƙi ɗan Kanada, Ted Andrews, yarinyar ta ɗauki sunansa, ta shiga bin su yawon wasa gari gari. Gidan ba na wadata ba ne, kuma shan giya ya yi masa illa, har ya zamana tun ba ta cika shekara 20 ba ita ce ke ɗauke da yawancin nauyin iyalin. Karatun makaranta bai samu sosai ba. Abin da ya samu shi ne horon murya a hannun Lilian Stiles-Allen, wata mawaƙiya wadda koyarwarta ta tsaya a kan cewa kalma ita ke jan waƙa: a riƙe wasali daidai, a fito da baƙin ƙarshen gaɓa sarai, kada a hadiye kome. A shekarar 1947, tana da shekara 12, ta rera wata waƙa mai wuya daga cikin Mignon na Ambroise Thomas a gidan wasa na Hippodrome, kuma a Nuwamba 1948 ta yi waƙa a gaban Sarki George na 6.

Ke nan lafazin da duniya ta ɗauka na ƴaƴan manya ne, wanda ake zaton a gida ta sha shi, kayan sana'a ne na ƴar masu yawon waƙa. Wannan shi ya sa haɗuwarta da wasan My Fair Lady ta cancanci a tsaya a kanta.

Asalin wasan shi ne Pygmalion na George Bernard Shaw, wanda aka nuna a Landan a 1914. Labarin sananne ne ga masu ilimin harshe: Henry Higgins, masanin ilimin furuci, ya ci alwashin zai ɗauki Eliza Doolittle, mai tallan furanni a bakin titi, ya sake mata baki cikin wata shida har manyan gari su karɓe ta a matsayin ɗaya daga cikinsu. Shaw da kansa ya ambaci Henry Sweet, wanda ya rasu a 1912, a cikin gabatarwar wasan, a matsayin wanda Higgins ya ɗebo wasu halaye daga gare shi. Karin harshen Eliza shi ne Cockney, na talakawan gabashin Landan. Alamominsa ba su da yawa, amma kunnen Bature ba ya kuskure su: harafin h yakan faɗi a farkon kalma, t a tsakiyar kalma yakan koma hamza, tagwan wasalin da ke cikin kalmar day yakan fito kamar na die. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hana fahimta. Abin da suke hanawa shi ne aikin kanti mai kyau da auren gidan girma, kuma a kan wannan Shaw ya gina wasansa. Sha'awarsa ga al'amarin ba ta tsaya a dandali ba, domin da ya rasu a 1950 ya bar wasiyyar kuɗi don a ƙirƙiro wa Ingilishi sabon abajadi. An ƙirƙiro shi, mai harafi 48, aka buga littafi ɗaya da shi a 1962, sa'an nan jama'a suka ci gaba da rubutunsu na da.

Alan Jay Lerner da Frederick Loewe suka mai da wasan na waƙa, aka buɗe shi a New York ran 15 ga Maris 1956, Rex Harrison yana Higgins, Andrews tana Eliza tana da shekara 20. An nuna shi sau 2,717 a jere a can. Abin lura shi ne tafiyar da Andrews ta yi ta saɓa wa ta Eliza. Eliza ta fara da Cockney ta koyi lafazin manya. Andrews ta zo da lafazin manya a bakinta, Cockney ne ya gagare ta, har sai da aka ɗauko wani malamin furuci Ba'amurke ya koya wa ƴar Ingila yadda talakawan Landan ke magana. Mai shirya wasan, Moss Hart, ya sallami sauran ƴan wasa na kwana biyu, ya zauna da ita kaɗai suna bin maganganun ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saurari faifan waƙoƙin na 1956 zai ji sakamakon: a waƙoƙin farko, inda Eliza take mai talla, wasulan na Cockney ne amma baƙaƙen suna fita tsaf, kamar mai sanye da tsumma a kan riga mai guga. Sai Eliza ta waye sa'an nan mawaƙiyar ke sakin jiki. Wannan ya yi wa wasan amfani a wurin masu kallo, amma ya rage kaifin maganar Shaw. Idan tun farko ana jin gimbiya a ƙarƙashin mai talla, to darasin Higgins ya zama wankin datti kawai, alhali a wurin Shaw an raba mace ne da harshen da ta tashi da shi, aka bar ta ba ta iya komawa kasuwa, ba ta kuma da abin zama cikin manya.

Da aka zo yin fim ɗin a 1964, Jack Warner ya ƙi ɗaukarta saboda ba a san ta a sinima ba, ya ba Audrey Hepburn. Muryar Hepburn ba ta kai ba, sai aka sa Marni Nixon ta rera yawancin waƙoƙin a ɓoye. Mai ba da shawara kan ilimin furuci a fim ɗin kuwa shi ne Peter Ladefoged, wanda a wannan shekara ya fitar da littafinsa kan sautukan harsunan Afirka ta Yamma. Fim ne a kan cewa murya ita ce mutum, ga shi fuskar ta wata ce, muryar waƙar ta wata. Andrews ta tafi wurin Walt Disney ta yi Mary Poppins, ta sami kyautar Oscar a 1965, kuma a shekarar The Sound of Music ya fito.

A fina-finan nan biyu mai renon yara ce, mai koya musu waƙa da ladabi. Watau Eliza ta zama Higgins. Daga nan lafazin ya zama mata kurkuku. A Torn Curtain na Alfred Hitchcock, 1966, ana bukatar mace mai jin tsoro, amma mai fitar da kowane baƙi a mazauninsa ba ya kama da wanda tsoro ya kama. Star! na 1968 da Darling Lili na 1970 sun faɗi a kasuwa. Mijinta na biyu, Blake Edwards, wanda ta aura a 1969, ya yi ta ƙoƙarin fasa wannan siffa, kuma bai dace sosai ba sai a Victor/Victoria na 1982, inda take mace mai shigar namiji wanda shi kuma yake kwaikwayon mace. A can ne kaɗai ƙirƙirarriyar murya ta zama ita ce jigon labarin.

A cikin waɗannan shekaru na koma baya ta fara rubutu, da sunan Julie Edwards. Littafin farko, Mandy, ya fito a 1971. Ta ce bashi ne ta biya ƴar mijinta, wadda ta ci ta tara saboda zagi ya kuɓuce mata. Labarin marainiya ce ƴar shekara 10 wadda ta haura katangar gidan marayu ta tarar da wani ɗan gida da aka yi watsi da shi, ta mai da shi nata a asirce, tana shara tana shuka furanni. Tasirin The Secret Garden na Frances Hodgson Burnett a bayyane yake. Ƙarfin littafin yana tsakiyarsa, inda sirrin ya fara cin yarinyar: ta shiga ƙarya, ta shiga ɗauke ƙananan kaya, ta ɓata da ƙawarta. Marubuciyar ta san yaron da ke ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa ba ya gaya wa kowa, kuma ba ta yi wa Mandy wa'azi ba. Jimlolin gajeru ne, an auna su da numfashi, kowace tana ƙarewa inda mai karantawa da ƙarfi zai so ya huta. Masu shirya littattafai don sababbin makaranta za su iya koyon wannan daga gare ta, domin marubuta da yawa suna auna sauƙi da gajartar kalma kawai, su manta da kunne.

Rauninsa kuwa iri biyu ne, kuma tushensu ɗaya. Na farko, mutanen littafin kusan duk murya ɗaya gare su. Wadda ta yi shekaru tana wasa da bambancin karin harshe a dandali ba ta kawo wannan kunne cikin rubutu ba, marayu suna magana kamar waɗanda Stiles-Allen ta hora. Na biyu, ƙarshen: Mandy ta kamu da ciwo, masu gonar da gidan yake ciki suka cece ta, daga baya suka ɗauke ta ƴa. Ceto daga sama ke nan, irin na My Fair Lady, inda Eliza ta koma gidan Higgins duk da Shaw ya rubuta a fili cewa ba shi za ta aura ba.

Littafi na biyu, The Last of the Really Great Whangdoodles, 1974, ya fi sakin jiki. Kalmar whangdoodle a ƙamus ta tsince ta, ta gina mata ƙasa da sarki. Wani malami mai suna Savant, watau masani da Faransanci, yana horar da yara uku su lura da abin da ke gabansu har su iya shiga ƙasar. Higgins ne kuma, amma mai tausayi. Daɗin littafin yana cikin sunayen halittun, waɗanda aka zaɓa don yadda suke motsa baki, abin da zai wahalar da duk mai son fassara shi. Darussan malamin sun yi yawa, labarin yakan tsaya ya jira su.

A fim ɗin Duet for One na 1986 ta fito a matsayin makiɗiya wadda ciwo ya raba da sana'arta. A 1997, bayan ta yi Victor/Victoria a dandalin New York, aka yi mata aiki a maƙogwaro, muryar waƙar ta tafi. Ta kai ƙara, aka sasanta a 2000, shekarar da Sarauniya ta ba ta lambar Dame. Abin da ya rage mata shi ne magana, kuma da ita ta ci gaba: sarauniya a The Princess Diaries na 2001, tana koya wa jikarta zaman fada, muryar sarauniya a Shrek 2 na 2004, mai ba da labari a Bridgerton daga 2020. Ta rubuta littattafan yara masu yawa tare da ƴarta Emma Walton Hamilton, da tarihin rayuwarta kashi biyu, Home a 2008 da Home Work a 2019. Home ya fi duk ƙagaggun labaranta, domin a nan ne talauci da shan giya da tsoron mijin uwa suka sami shiga, ana faɗinsu da wannan murya mai tsabta wadda ba ta rawa, kuma rashin rawar ne ke sa mai karatu ya ji nauyin abin.

A 2016 ta shirya My Fair Lady da kanta a birnin Sydney na Ostareliya, ta maido da tsarin 1956 da adonsa da tufafinsa. Bayan shekara biyu wani mai shiryawa, Bartlett Sher, ya nuna wasan a New York da maganganun nan dai, amma a ƙarshe Eliza ta bar Higgins a ɗakinsa, ta bi ta tsakanin masu kallo ta fita.