Rabi Ba Ta Zauna Kuka Ba: Sharhi a Kan "Alhaki Kuykuyo Ne"

Sau da yawa a rubuce-rubucen sababbin marubutanmu, akan zalunci tauraruwa a shafin farko, ta yi ta zubar da hawaye har shafin ƙarshe, tana jiran wani attajiri ya zo ya share mata. Domin masu irin wannan zubi ne muka ga ya dace mu waiwayi littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, "Alhaki Kuykuyo Ne", wanda ya fito a 1990.

Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa a Kano, kuma ta haifa masa 'ya'ya tara. Da ya auro Delu, tsohuwar karuwa, sai gida ya rikice, har ta kai ga ya saki Rabi, ya kore ta da 'ya'yanta. A nan ne gwanintar marubuciyar ta bayyana. Ba ta ɓoye mana zafin zaluncin ba, amma ba ta bar Rabi ta mai da shi sana'a ba. Matar da jiya ake kira uwargidan Alhaji, yau ta kama dafa abincin sayarwa domin ta ciyar da 'ya'yanta. Kowa ya san bakin mutane a kan bazawara. Da Rabi ta tsaya tsoron "me za a ce", da yunwa ta gama da gidanta. Aikin hannunta ne ya dawo mata da mutunci, ba tausayin jama'a ba.

Sai dai kuma muna da ƙorafi. Gobarar da ta cinye shagon Alhaji Abdu, da auren da 'yarta Saudatu ta yi da mai arziki, sun rage wa ƙoƙarin Rabi armashi. Mai karatu zai iya ɗauka cewa wanda aka zalunta ba ya miƙewa sai azzalumi ya faɗi, alhali kuwa Rabi ta miƙe tun kafin wuta ta tashi. A ganinmu, Abu ta cikin "Wa Zai Auri Jahila?" ta fi cika wannan jigo, domin ilmin da ta nema da kanta ne ya fid da ita.

Ita ma marubuciyar an cire ta daga makaranta, an aurar da ita tana yarinya. A shekarun 1990 an yi wa irin littattafansu laƙabin "Adabin Kasuwar Kano" don raini, amma ba ta ajiye alƙalami ba. A 2012 Aliyu Kamal ya fassara wannan littafi zuwa Ingilishi, aka buga shi a Indiya.

Saboda haka, 'yan'uwa marubuta, idan kun jefa tauraruwa cikin wahala, ku ba ta abin yi da hannunta. Ku kuma, kada tsoron masu suka ya sa ku bar rubutunku a ƙarƙashin katifa. Allah Ya sa mu dace, amin.