Haruffan Larabawa, Rubutun Hausawa

A miƙa wa Balaraben da bai san Hausa ba wasiƙar da wani malamin Gusau ya rubuta da ajami. Kusan kowane harafi zai gane, amma ba zai fitar da magana ko ɗaya ba. Haruffan nasu ne, ƙa'idar da ta ɗaure su kuwa ta malamanmu ce.

Sunayen garuruwa ma sun isa shaida. Larabcin littafi ba shi da sautin "g", sai malamai suka ɗora wa harafin gain wannan aiki. Da shi ake buɗe Gusau, shi ne kuma a tsakiyar Bungudu, bayan nun mai ɗauri. Tsafe ta fi wuya. Ɗa mai hannu ake yi wa ɗigo uku a bisa ya koma "tsa", sai fa, wadda ɗigonta ke ƙasa irin na Magaribawa, sai kuma wani ɗigon a gefensa, guda ƙasa, mai ba da "e". Wannan na biyun daga Alƙur'ani riwayar Warshu aka aro shi, inda yake nuna imala. Ɗigo biyu ƙarƙashin harafi ɗaya, kowane da aikinsa, da alƙalamin kara! Yaron da ya gama babbaƙu da farfaru a makarantar allo ya san siffofin, amma sai ya daɗe gaban malam kafin hannunsa ya faɗa.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne tsawon wasali. Garin zama da garin tuwo, boko ya rubuta su iri ɗaya. Mai ajami sai ya ƙara alif bayan gain a na tuwo, an wuce wurin.

Haka aka yi da rubutun Sinawa. Japanawa sun ari dubban alamominsu, amma nahawun Japananci ya ƙi shiga, sai suka sassaƙo nasu haruffan, kana, daga jikin alamomin, suna gwama biyun. Basine zai tsinci alamomi da yawa a jaridar Tokyo, jimlar ta gagare shi.

A 2007 aka cire ajami daga takardun naira 5 zuwa 50, aka bar shi a manya. Masu ƙorafin an sa Larabci a kuɗin ƙasa haruffa kawai suka gani. Ajamin da ke jikin takardar 1000 Hausa ce zalla, kuma dattijon da ke cinikin hatsi a kasuwar Tsafe, wanda bai taɓa zama ajin boko ba, da shi yake tantance kuɗinsa.