Ranar Da Akta Ya Mutu: Sharhi Kan Fim Ɗin Wakanda Forever

Tun muna yara a cikin birni muka gaji wata doka daga manyanmu da suka yi kallo a silimar Falas ta Jakara, wadda aka buɗe a 1951. Dokar ita ce, akta ba ya mutuwa. Ko an harbe shi, ko an jefa shi rijiya, sai ya tashi ya gama da bos kafin a kunna fitila. To, ga fim ya zo wanda aktansa ya mutu da gaske tun ba a fara ɗauka ba. Chadwick Boseman, wanda ya fito a Sarki T'Challa cikin Black Panther na 2018, ya rasu a watan Agusta 2020 da ciwon daji, yana da shekara 43. Maimakon a sa wani ya hau gurbinsa, sai mai shiryawa, Ryan Coogler, ya kashe sarkin a cikin labarin, ya fito da kashi na biyu a 2022. Na kalle shi sau biyu a zauren wani abokina a Yakasai, ga kuwa abin da na gani.

Jigo

Babban jigon fim ɗin makoki ne. Sarki ya rasu, mahaifiyarsa Ramonda ta hau karaga, ƙanwarsa Shuri kuwa ta ƙi yarda da ƙaddara, domin duk iliminta na kimiyya bai ceci yayanta ba. Ana cikin haka sai ƙasashen Turai suka ɗaura ɗamarar neman ma'adinin Wakanda, watau bibraniyam. Wata ɗaliba a Amurka ta ƙera na'urar gano shi, na'urar kuma ta kai masu nema bakin Talokan, wata daula a ƙarƙashin teku wadda Namor ke mulki. Daga nan rigima ta tashi.

Inda Ya Yi Kyau

Yabon gwani ya zama dole. Ban taɓa ganin fim irin wannan da ya ba baƙin ciki haƙƙinsa haka ba. Wajen jana'iza an sa fararen kaya, ana kiɗa ana rawa, amma fuskar Shuri kaɗai ta isa ta gaya maka gidan ya mutu. Duk wanda ya taɓa zaman makoki a soron gidansu, ya ga yadda jama'a ke watsewa bayan sadakar bakwai a bar uwa da 'ya'yanta, zai gane wurin nan ba sai an yi masa tafinta ba. A zauren da muka yi kallo, masu surutu ma shiru suka yi.

Na biyu, Angela Bassett ta riƙe matsayin sarauniya yadda ya kamata, musamman inda ta tuɓe Okoye daga shugabancin dakaru. Ga fushin mai mulki, ga kukan uwa, duk a murya ɗaya. Mu da muka tashi da labarin Daurama da Amina ta Zazzau, mace a kan karaga ba baƙon abu ba ne gare mu, amma da wuya ka ga Turawa sun nuna ta da irin wannan kwarjini.

Na uku, sutura. Ruth Carter ta ci kyautar Oscar a kan fim na farko, ta sake ci a kan wannan a 2023, kuma ta cancanta. Dubi kayan ƙabilar fatake ta Wakanda, waɗanda aka ɗauko daga shigar Buzaye. Bakano zai tuna da baƙin rini na Kura da karofin Ƙofar Mata, inda Buzayen suka daɗe suna sayen rawani.

Inda Ya Gaza

Amma fa mutum tara yake bai cika goma ba. Babban aibin fim ɗin, a ganina, shi ne ya bar jaki yana dukan taiki. A farko an nuna mana sojan haya na Faransa sun kai hari wata cibiyar Wakanda a ƙasar Mali don su saci ma'adini, aka kama su, Ramonda ta sa aka gurfanar da su gaban Majalisar Ɗinkin Duniya. Nan na gyara zama, domin wannan labari mun san shi. Tun 1971 kamfanin Faransa ya fara haƙar yuraniyam a Arlit ta Nijar, ya shafe fiye da shekara 50 yana kwasa. Na zaci fim zai bi wannan hanya. Ina! Sai aka ajiye ɓarayin a gefe, aka haɗa Wakanda faɗa da Talokan, alhali kuwa mutanen Namor su ma gudun zaluncin Sifaniyawa ne ya kai kakanninsu cikin ruwa daga yankin Meziko. Waɗanda aka zalunta biyu suna ta kashe juna, azzalumi ko ƙwarzane bai samu ba.

Wani abokina ya ce ai haka tarihi yake, tunda rundunar da ta ci Kano a 1903 yawancinta baƙaƙen fata ne, har da Hausawa, Turawa kaɗan ne ke ba da umurni. Gaskiya ne. Sai dai a can mun san wanda ya riƙe linzami. A fim ɗin kuwa an ɗora laifin kan zafin zuciyar Namor, aka wanke mai linzamin. Ban yi mamaki ba, kamfanin Amurka ne ya zuba kuɗin.

Aibi na biyu ya shafi zubi da tsari. Taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu. Ga makoki, ga yaƙin teku, ga ɗalibar nan Riri, ga kuma ma'aikatan leƙen asirin Amurka da ke ta kai da kawo ba su ƙara wa labari komai ba. An cusa su ne kurum don share fagen finafinan gaba. Shi ya sa fim ya kai awa 2 da minti 41, tsakiyarsa ta yi ta jan ƙafa. Yaƙin ƙarshe a kan jirgin ruwa kuma aikin kwamfuta ya yi masa yawa, har mutum ya kasa damuwa da wanda ya faɗi.

Kammalawa

Duk da haka ina ba 'yan'uwa ɗalibai shawara su kalle shi, musamman masu sha'awar rubuta ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo. Ku lura da wurin da Shuri ta zauna bakin teku a Haiti tana ƙona kayan makokinta, ba faɗa, ba surutu, amma ya fi duk yaƙe-yaƙen fim ɗin taɓa zuciya. Ku kuma lura da yadda marubuci ke ɓata jigonsa idan ya ji tsoron ambaton mai laifi. Ranar da masu shirya finafinanmu na Kano za su ɗauki labarin ma'adinai da masu kwasarsu, ina fata za su kama jakin da kansa.