Ernest Okonkwo: Sanƙiran Filin Ƙwallo

Na san wasu za su tambaya, me ya kawo mai sharhin ƙwallon ƙafa cikin mujallar ƙungiyar Hausa, alhali mutumin nan Ibo ne, kuma da Turanci ya yi aikinsa? Amsata ita ce, abin da marigayi Ernest Okonkwo ya yi suna da shi a gidan Rediyon Nijeriya, mu nan muna da sunansa tun ba a kawo akwatin rediyo ƙasar nan ba, watau kirari. In kuwa haka ne, da ma'aunin kirari ya kamata a auna shi, ma'aunin kuwa yana hannunmu, mu ɗaliban adabin baka.

Okonkwo ya kama aiki a gidan rediyon a 1957, ya yi kwas a ƙasar Ostareliya, ya kuma kai ga zama shugaban sashen da ke watsa shirye-shirye kai tsaye daga wajen gida, kamar filayen wasa da wuraren bukukuwan gwamnati. Yana kan aikin nan Allah ya yi masa rasuwa ran 7 ga Agusta, 1990, bayan shekara 33. Ba shi ya fara ba, don ya tarar da irin su Ishola Folorunsho. Amma shi ne muryarsa ta zo daidai da lokacin da tamaular ƙasar nan ta bunƙasa: IICC ta Ibadan ta ci kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1976, Rangers ta Inugu ta ci shi a 1977, sannan ran 22 ga Maris, 1980, ƙungiyar ƙasa ta lallasa Aljeriya da ci 3 ba ko ɗaya a Ikko, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa mata kofin ƙasashen Afirka. Ni ban riski wannan zamani ba. Daga bakin manya na san shi, da kuma sunayen da ya bari, waɗanda su ne abin nazarina a nan.

Sai mu fara duba matsalar da ke gaban mai sharhi a rediyo. Mai sauraro ba ya ganin kome. Mutum ashirin da biyu ne a fili, ƙwallo kuwa ba ta jiran mai magana ya gama jimla. In ya ce Odegbami ya karɓa, ya ba Lawal, Lawal ya mayar, bai yi ƙarya ba, amma wanda ke zaune a shagon tela a Gusau bai ga kowa ba, sunaye kawai ya ji suna wucewa. Dabarar Okonkwo ita ce ya ɗora wa kowane suna siffa, ta yadda da an ambace shi mutum zai tsaya a gaban mai sauraro da tsawonsa da tafiyarsa da halinsa. Wannan ita ce dabarar da Ɗan Anace ya yi wa Shago, har wanda bai taɓa zuwa gidan dambe ba ya san irin hannunsa, ita ce kuma Narambaɗa ya yi wa dokin sukuwa a waƙar Dokin Iska.

Abin da ya fi burge ni shi ne, kirarinsa masu kyau ba a iska ya tsinto su ba. Segun Odegbami, mai lamba 7, ɗan gaba na gefen dama, ilmin injiniya ya karanta a Ibadan, kuma yana yanko ƙwallo kamar ya auna ta da magwaji, sai ya sa masa Mathematical, watau mai wasa da lissafi. Adokiye Amiesimaka ɗalibin shari'a ne a Jami'ar Ikko, sai ya naɗa shi Cif Joji tun bai gama makaranta ba. Daga baya kuwa ya zama Antoni Janar na Jihar Ribas. Emmanuel Okala, golan Rangers, dogo ne ƙaƙƙarfa, ya zama mutum-dutse. Kelechi Emetole ya zama Katafila, ba sai na yi bayani ba, kowa ya ga katafila tana aikin hanya. Christian Chukwu, kyaftin, mai tsayawa baya yana tsara 'yan'uwansa cikin natsuwa, ya zama Ciyaman. Mai karatu ya lura, kowane suna yana da ƙafa biyu, ɗaya a cikin fili ɗaya a cikin rayuwar mai shi, shi ya sa suka tsaya. Sa'ad da Chukwu ya rasu a watan Afrilu na 2025, kusan shekara 35 bayan mutuwar wanda ya raɗa masa sunan, da Ciyaman jaridu suka yi ta'aziyyarsa.

Akwai ma wata fasaha a nan da nake jin ba a cika kula da ita ba. Maroƙinmu na gargajiya daga daji yake ɗauko kamance: giwa, zaki, ɓauna, guguwa. Okonkwo daga ofis da kotu da makaranta da ma'aikatar ayyuka ya ɗauko nasa. Ciyaman, cif joji, lissafi, katafila, waɗannan su ne giwayen Nijeriyar zamanin kuɗin man fetur, abubuwan da talaka ke gani da girma. Wanda ke son sanin abin da mutanen shekarun 1970 ke sha'awar zama, ya bi jerin sunayen nan.

To, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mutumin yana da son dogon Turanci. Shi ne mai kiran bugu mai ƙarfi da sunan makamin nan mai linzami mai ƙetare nahiyoyi, wanda Amurka da Rasha ke tsorata juna da shi a lokacin. Ranar farko abin ya yi daɗi, don ba wanda ya taɓa haɗa ƙwallo da wannan. In aka yi ta maimaitawa kuwa, sai ya zama kamar maroƙin da ke kiran kowane mai riga sabuwa giwa. Nauyin kalmar ake ji, ba a ganin bugun. Haka kuma kirari mutum ɗaya yake ɗagawa, ƙwallo kuwa aikin gayya ce. Wanda ya koyi wasa daga irin wannan sharhi zai ɗauka jarumai ke cin wasa, ya manta da wanda ya tare hanya, da wanda ya ja ɗan baya gefe don wani ya sami fili. Wannan cuta har yau tana nan a gidajen kallonmu, inda ake musu a kan taurari ba a kan tsarin wasa ba.

Babban abin da ke damuna kuwa shi ne zambo, don bakin da ya iya kirari shi ya iya zambo. Ran 12 ga Nuwamba, 1977, Nijeriya ta kara da Tunisiya a Ikko, a neman zuwa gasar cin kofin duniya ta Ajantina. Godwin Odiye, ɗan baya, ya sa kai zai fitar da ƙwallo, sai ta wuce Okala ta faɗa ragarmu. Da wannan ci ɗaya aka tashi, Tunisiya ce ta tafi Ajantina. A daidai wannan lokaci Okonkwo ya faɗi maganar da aka fi tunawa da ita cikin dukan maganganunsa, cewa Nijeriya ta ci Nijeriya.

Ta fuskar fasaha, ba ni da abin cewa sai yabo. Kalma ɗaya ce ta zama mai yi ta kuma zama abin da aka yi wa, ba ado, ba dogon Turanci, kuma cikin ƙiftawar ido ta zo masa. Ko sunan Odiye babu a ciki, saboda haka wani zai ce ai sakaya shi ya yi, ya raba laifin ga ƙasa duka. Ni ban yarda wannan ya wanke shi sarai ba. Habaici ma ba ya ambatar suna, amma kowa ya san inda aka jefa shi. Makaɗin fada in ya yi wa ɗan sarki zambo, ɗan sarki na da nasa makaɗin da zai rama masa. Odiye ba shi da kowa, mai magana kuwa ƙasa duka ke saurarensa a lokaci guda, kuma daɗin jimlar ne ya hana a manta da kuskuren. Da ta zo a gurguje, da tuni ta bi iska.

Odiye yana cikin 'yan wasan da suka ci kofin Afirka a 1980, a wannan fili na Surulere inda abin ya same shi. Na gwada tambayar dattawan da suka saurari wasannin biyu. Duk wanda na ambata wa Odegbami sai ya ce Mathematical, wanda na ambata wa Chukwu ya ce Ciyaman. Da na ce Odiye, ba wanda ya kawo zancen kofi.